Shekarar da Muka Ƙirga Tukwane

Bazarar bana ta matsa. Tun hantsi ƙasa ke ƙona mutum ta cikin takalmi, awaki sun daina kuka sun koma bin inuwar katanga. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gidana a Gazawa, mu biyar a tabarma ɗaya, sai ga samari biyu da wata budurwa, kowa da waya a hannu, suna bi gida-gida suna tambayar halin abinci. Yarinyar ta tsaya gaban maƙwabcina ta karanta daga wayarta: "Baba, sau nawa ake ɗora tukunya a gidanka a yini?" Ya gyara hula, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Sau uku, alhamdulillahi." Ta danna, aka wuce wurin. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, na san sau nawa hayaƙi ke tashi a gidansa. Da suka zo kaina na ce su shigo zaure mu yi maganar daga ni sai su. Sun yi mamaki, amma sun shigo. Bayan tafiyarsu na daɗe ina tunanin wata bazarar, fiye da shekara talatin baya.

Kafin in shiga aikin rediyo malamin lakol ne ni, wato makarantar boko. Wurin da aka fara tura ni wani ƙauye ne a ƙasar Gangara. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanensa suna nan da ransu. Lakol ɗin aji biyu ne, ɗaya na ƙasa, ɗaya na zana da kara. Ni ke riƙe da manyan yara masu shirin jarrabawar satifika, suna kirana Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakol. Ba a riga an tabbatar da ni a aiki ba. Takarda ɗaya daga hannun sufeto ta isa ta mai da ni gidan ubana.

Daminar da ta gabata ta fara lafiya, sai ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Abin da aka yanka bai taka kara ya karya ba. Kafin sanyi ya wuce samari sun tsallaka iyaka, wasu Katsina, wasu Kano, aka bar tsofaffi da mata da yara. Da bazara ta shigo, yinin garin ya koma tsari ɗaya. Da asuba mata su tafi rijiya, mai zurfi ce ƙwarai, sai an haɗu mutum uku a igiya ɗaya kafin guga ya fito. Da hantsi su shiga daji neman ganyen jiga da 'ya'yan anza. Anza ɗaci gare ta kamar maɗaci, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciwu, ruwan kuwa kowane ɗigo da igiya aka jawo shi. Yara su bi gindin gawo suna tsintar 'ya'yansa saboda awakin da ba a kai kasuwa ba tukuna. Da azahar gari ya yi tsit, iska mai zafi tana shigowa aji ta cikin zana kamar daga bakin tanda. Ɗalibaina sukan kifa kai a kan benci tun kafin tsakar rana. Da fari ina tsawata musu. Daga baya na lura kusan kowa da ƙwallon aduwa a kumatu yana tsotsa, sai na daina.

A cikin wannan hali wata mota ta zo daga Gazawa, da wani ma'aikaci na masu rabon irin shuka. Aikinsa ya gano garuruwan da suka cinye irinsu, don a kai musu kafin ruwa ya sauka. Ya zaga bayan gari ya ƙirga rumbuna. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san babban rumbu, na gandu, ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka, don shi ke ciyar da gida lokacin noma. Bayan girbi kowane maigida yakan yi wa rumbunsa sabuwar jinka ya ɗaure. Rumbu a ɗaure yana cewa gidan nan bai taɓa ajiyarsa ba. Wanda ya bar nasa a buɗe ya yi wa kansa shela, kuma ba a manta wa gida irin wannan, ko shekara goma ta wuce sai an tuna ranar neman aure. Saboda haka a shekarar nan kowane rumbu ya sha sabuwar jinka, mai hatsi da marar hatsi. Ma'aikacin ya ƙirga su tsaf, sannan ya zauna a ƙofar Maigari ya tambayi masu gida, a gaban juna, ko da sauran abinci. Kowa ya ce, "Da saura, mun gode Allah."

Bayan kwanaki takarda ta zo. Ni kaɗai ke karanta Faransanci a garin, ni na karanta ta a ƙofar Maigari. Sunayen garuruwan da za a ba iri ne, namu babu. A ƙasa an rubuta cewa za a rufe lissafin nan da mako biyu. Dattawa suka gyaɗa kai. Wani har ya ce, "To, ai mu dama ba mu saba da roƙo ba." Aka yi fatiha aka watse. Na tsaya da takardar a hannu ina duban sama ta gabas, inda farin gajimare ya fara taruwa da yamma. Garin da ba shi da iri ranar da ruwan fari ya sauka, yunwarsa ta shekara biyu ce.

A makon ne muka iso wani darasi a littafin lissafi, na yadda ake tattara bayani a jera shi cikin jadawali. Misalin da littafin ya bayar shi ne yara su tsaya a ƙofar lakol su ƙirga motocin da ke wucewa, su raba su bisa launi. Da na karanta, wani yaro mai suna Iliya, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ɗaga hannu.

"Mushe, in mun tsaya yau, sai ran kasuwar Gangara za mu rubuta ɗaya. Ita ma ba ta da launi, tsatsa ce."

Aji ya fashe da dariya, karo na farko cikin kwanaki. Na rufe littafin. Na koya musu yadda ake ƙirga da zane a kaye, wato littafin rubutu, sanda huɗu a tsaye, ta biyar ta gitta su. Sannan na ce abin da za mu ƙirga shi ne daka. Gidan da ake daka, akwai hatsi. Na raba musu unguwanni, kowa ya saurara da safe da la'asar, gidan da ya ji taɓarya ya ja sanda. Ba tambaya, ba shiga gidan kowa. Na ji daɗin dabarata ƙwarai. Na ɗauka na zagaye kunyar mutane.

Kwana uku suka yi. Da muka tara sakamakon a allo, kusan kowane gida an ji daka, safe da yamma. Na tsaya ina duban allon. Ke nan ma'aikacin nan ya yi daidai, ni ne baƙon da bai san gari ba?

Da aka tashi, wata yarinya ta ƙi fita. Rakiya sunanta, ba ta wuce shekara goma sha uku ba, ita ce kan gaba a lissafi, kuma ba ta cika magana ba. Ta jira har ƙafar kowa ta ɗauke.

"Mushe, lissafin nan ba gaskiya ba ne."

"Kin yi kuskure a naki?"

"A'a. Abin da na ji shi na rubuta. Turmin ne ke ƙarya."

Na ce ta zauna. Ta ƙi, ta tsaya tana murza bakin kallabinta.

"Innata ƙaiƙayi take zubawa a turmi ta yi ta daka, don maƙwabta su ji. In ta gama ta kwashe ta ajiye, gobe ta sake. Maƙwabciyarmu ma haka take yi. Na gane ne don kaji ba su zuwa gindin turminta." Ta ɗago kai. "Don Allah, Mushe, kar ka ce ni na faɗa. Inna ta ce wanda duk ya fitar da maganar gida ba ɗanta ba ne."

Na yi mata alkawari. Na daɗe zaune a ajin bayan ta fita, ina jin taɓarya tana tashi daga unguwa zuwa unguwa, lokacin dakan la'asar ya yi. Mata masu yunwa suna ƙarar da ƙarfinsu a kan ƙaiƙayi. Na yi wa ma'aikacin Gazawa dariya a zuci don ya ƙirga jinka, ni kuma ga shi na ƙirga ƙara.

Washegari na goge allon gaba ɗaya. Na gaya wa yara cewa ƙirgarmu ta lalace, kuma laifina ne, ban faɗi yadda na sani ba. Babu wanda ya tambaya. Da na dubi fuskokinsu na gane rabinsu sun daɗe da sani. Na rubuta tambayoyi uku, na ce duk wanda zai tattara bayani ya amsa su kafin ya ja sanda ko ɗaya. Me kake ƙirgawa? Wa ka tambaya? A gaban wa ka tambaye shi?

Muka ɗauki ta farko. Na ce gidaje za mu ƙirga. Iliya ya ce, "Mushe, gidanmu ƙofa ɗaya ce, amma tukunya huɗu ake ɗorawa. Baffana ya ware, kakata ma tata daban." Muka yarda tukunya za mu ƙirga, duk inda ake girki daban a ba shi lamba. Wata yarinya daga bayan aji ta ce, "Ruga fa?" Akwai Fulani a gefen gari da suka daɗe da zama, suna noma tare da kiwo, ma'aikacin bai ma taka wajensu ba. Muka sa su. Tambaya ta biyu ba ta ba mu wahala ba. Maigida ne ke riƙe da rumbu, amma mace ce ta san abin da aka auna mata da ranar da aka daina aunawa. Ta uku ce ta tsaya mana. A garin nan babu inda za ka tambayi mace wani bai ji ba.

Na tafi wajen Inna Hajo. Ita ce ungozomar garin, rabin mutanen da ke yawo a ciki ita ta yanke musu cibiya, kuma ba a taɓa jin maganar ɗakin wata a bakinta ba. Tun zuwana take kirana angonta. Na same ta tana sauya wa anza ruwa.

"Angona, an ce ka aiki ɗiyan mutane su saurari turmi. Kai da anka ce ka yi karatu har Maraɗi?"

"Na yi kuskure, Inna."

"Ka yi. Mi kake so yanzu?"

Na gaya mata. Ta zubar da ruwan ɗacin a gindin danga, sannan ta juyo ta dube ni.

"Babu macen da za ta buɗe baki ta ce gidan mijinta babu iri. Ko ni ba za su faɗa mani ba, alhali na san komi. Amma in hannu ne, cikin duhun tulu, inda ba mai gani, wataƙila."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani tulu mai ƙaramin baki, wanda hannu ɗaya kawai ke shiga. Sauran dabarar a aji muka ƙarasa ta. Ƙwallon aduwa yana ko'ina, kowa ya tsotse ya yar. Fararen tsakuwa kuma akwai su a kwarin bayan gari. Kowace tukunya za a ba ta aduwa ɗaya da tsakuwa ɗaya, kowanne da ɗigon tawadar lakol don kada a kawo na waje. Tambaya ɗaya ce tak, muka yi ta gyara ta har kowane yaro ya iya faɗinta iri ɗaya: "In ruwa ya sauka gobe, kuna da irin da za ku shuka?" Mai shi ta jefa tsakuwa. Marar shi ta jefa aduwa. Abin da ya rage a hannu ta ƙulle a haɓar zane, kada ta nuna wa kowa, kada ta yar inda za a gani.

Kafin mu gama rabon aduwa da tsakuwar, Maigari ya aiko kirana. Dattijo ne mai natsuwa, bai taɓa ɗaga mani murya ba, ran nan ma bai ɗaga ba.

"Mushe, wa ya ba ka izinin ƙirga mana talauci?"

"Ranka ya daɗe, darasi ne, yana cikin littafi."

"Littafin ne ya ce ka mai da garin kakannina garin mabarata? Baƙo ya zo ya tambaye mu, mun ba shi amsa. Kai kana so ka ƙaryata dattawa da bakin mata da yara."

"Ba sunan wanda zai fito, ranka ya daɗe."

"Sunan gari zai fito. Ka bari. In ba ka bari ba, ni da kaina zan taka wajen sufetonku."

Na ce masa na ji, amma ban ce na bari ba, shi ma ya lura. Na yi sallama na fito. Da na gaya wa Inna Hajo, ta yi tsaki.

"Shi da fadarshi, mu da rijiyarmu. Tun da anka gina ta wane namiji ya taɓa zuwa ya ce ga yadda za mu yi? Kai dai kar ka matso, ka tsaya can gindin gawo kamar mutumin kirki."

Safiya biyu muka yi. Aka kafa zana a gefen rijiya, tulun yana ciki, Inna Hajo tana zaune a bakin shiga ta ba shi baya. Rakiya da wasu 'yan mata biyu suna riƙe da kaye, aikinsu kawai su ja sanda a gaban lambar tukunyar da ta zo, don kada wata ta shiga sau biyu, kada kuma a manta da wata. Da fari babu wadda ta matsa. Mata suna ta jan ruwa kamar ba su ga zanar ba. Sai Inna Hajo ta tashi, ta shiga, muka ji ƙwas a cikin tulu, ta fito tana gyara ɗaurin zane.

"To, ga ni ban mutu ba. Ke Abu, ajiye gugan nan, ba gudu zai yi ba."

Aka yi dariya, Abu ta shiga. Daga nan layi ya kama. Matan ruga suka iso da rana ta ɗaga, ƙorensu babu nono sai 'yan ganye. Babbarsu ta dubi aduwa da tsakuwar da ke tafinta, ta dubi yaran.

"Mu ma ana ƙirga mu? Mu dai ran haraji ne ake sanin muna nan."

Rakiya ta ce, "Lambarku tana nan, Inna, ga ta." Matar ta leƙa kayen ko da yake ba ta karatu, sannan ta shiga. Waɗanda ba su iya fitowa ba, masu jego da marasa lafiya, Inna Hajo ta bi su da tulun har ɗaki, ta tsaya a waje.

A aji muka juye shi a kan tabarma. Na raba yaran gida biyu, kowane rukuni ya ƙirga daban ba tare da ya ji na ɗayan ba, sannan muka gwada. Suka zo ɗaya. Muka haɗa aduwa da tsakuwa, jimillar ta yi daidai da sandunan da ke kayen Rakiya. Adadin yana rubuce a wurina har yau, amma na garin ne. Abin da zan iya faɗa shi ne tsakuwar ba ta cika tafin Iliya ba, aduwa kuwa sai da muka nemo ƙwarya. Yaran suka yi ta duban ƙwaryar. Ashe kowannensu ya ɗauka gidansu ne kaɗai babu iri.

Ban jira a kira ni ba. Na ɗauki ƙwaryar da tsakuwar na tafi wajen Maigari lokacin da na san shi kaɗai ne a zaure. Na ajiye su a gabansa, na faɗi ma'anar kowanne. Ya daɗe yana dubawa. Ya sa yatsa ya motsa aduwar.

"Gidana an jefa?"

"Kowace tukunya ta jefa, ranka ya daɗe."

"Mi sunka jefa?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya sani."

Ya ɗago ya dube ni, yana neman ƙarya a fuskata. Sannan ya ce, "Ina takardar?" Na riga na rubuta takardar neman iri da za a kai Gazawa. Ya dangwala yatsa, ya goge a gefen buzu, ya ce, "Maganar sufeto tana nan. In abin nan ya jawo mana dariya a kasuwar Gangara ba tare da iri ba, za ka bar garin nan."

Saura kwana biyu a rufe lissafi na hau keke zuwa Gazawa, tulun ɗaure a baya cikin tsumma, da aduwa da tsakuwar a ciki. Rairayi ya sa rabin hanyar tura keken na yi. Na sami ma'aikacin a buro, wato ofishinsu. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa, ga takardu har ƙasa. Ya karanta tawa, ya leƙa tulun, ya yi dariya.

"Mushe, ni na je garin nan da ƙafata. Na ƙirga rumbuna."

"Kun leƙa cikin ko ɗaya?"

"Ba a buɗe rumbun mutum."

"Gaskiya ne. Wa kuka tambaya?"

"Masu gida."

"A gaban wa?"

Ya ajiye takardar. Ɗan ƙasar nan ne shi ma, ya san amsar da ubansa zai bayar a ƙofar maigari. Ya ce to, ya ji, in kawo sunayen gidajen da ba su da iri, zai ga abin da zai yi.

"Babu sunaye. Akwai lambobin tukwane, akwai adadi, akwai yatsan Maigari."

"Takarda ba ta karɓar duwatsu."

"Ta karɓi jinka."

Ransa ya ɓaci. Ya ce ni ɗan koyo ne, ban san aiki ba, ba da suna ba babu ko tiya ɗaya ta iri, kwanon awo guda ke nan. Na ce sunayen ba su wurina, ko suna wurina ma ba zan bayar ba, don da wannan sharaɗin mata suka sa hannu a tulu. Na zauna a bencin ƙofarsa. Ya fita sallar azahar ya dawo ya same ni. Ya fita la'asar ya dawo ya same ni. A ƙarshe ya turo mini wata takarda.

"Rubuta cewa kai ka yi ƙirgar, kai za ka raba, in aka sami ƙarya a ciki kai za ka amsa a gaban sufetonku. Sa hannu."

Na sa.

Irin ya iso a amalanke biyu bayan mako guda, tiya-tiya daidai adadin aduwarmu, babu ƙari. A lokacin hadari ya fara haɗuwa kowace yamma yana watsewa, iska tana kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Saura rabo, kuma in aka ga wadda ta karɓa, duk wahalarmu ta tashi a banza. Rakiya ce ta tuna cewa duk wadda ta jefa aduwa, farar tsakuwa na nan a haɓar zanenta. Aka sake kafa zana a rijiya, buhuna a ciki, Inna Hajo ita kaɗai da tiya. Kowace mace ta garin da ta ruga ta zo da ƙwarya rufe da faifai, ta shiga, ta fito da ita a rufe a ka. Mai tsakuwa a auna mata. Mai aduwa ta gaisa da Inna ta fito. Daga gindin gawo na ga matan da na tabbata ƙorensu babu komai suna tafiya a hankali, suna dafe su da hannu biyu kamar masu nauyi.

Ruwan ya sauka kwana uku bayan haka, da la'asar, mai ƙarfi, har ya ratsa rufin ajin zana ya jiƙa mana allo. Da gari ya waye ban buɗe lakol ba, babu wanda zai zo. Na bi hanyar gonaki. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige, ƙasa tana tururi. Har na zagayo ban ga gonar da babu mutum ba.

A hanyar dawowa na haɗu da Inna Hajo, ƙafafunta duk laka.

"Angona, lissafinku ya rage ɗaya."

"Kamar yaya, Inna? Sau biyu muka ƙirga."

"Wata ta shigo da aduwa a hannu, ta tsaya ba ta fita ba. Ran tulu tsakuwa ta jefa. Ko cikin duhu hannunta ya kasa."

"To me kika auna mata? Irin daidai yake."

"Ni da na san garin nan? Tun tiyar fari nake shafe bakin tiya ina tara abin da ya zubo gefe."

"Wace ce?"

Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ka koya wa ɗiyan mutane kar su tambayi suna." Ta wuce abinta.

Ranar da yara suka dawo aji na gaya musu. Iliya ya ce ai an riga an raba, an shuka, wa zai sani? Rakiya ta tashi ta je allo, ta goge adadin da muka kai buro, ta ƙara ɗaya a aduwa, ta rage ɗaya a tsakuwa. Kowa ya gyara a kayensa. Ran Asabar na sake tura keke cikin laka zuwa Gazawa da takardar gyara. Ma'aikacin ya ce an rufe lissafi, tunda yake aiki bai taɓa ganin wanda ya dawo bayan rabo don ya ce ya yi kuskure da tukunya ɗaya ba, in tafi in ba shi wuri. Na tsaya a gaban teburinsa har ya ɗauki alƙalami.